Gida Ne Makarantar Farko Ta Aure

Karatu: Farawa 26:1-11, 2 Sama'ila 13:1-22, 2 Timoti 1:3-7

Gabatarwa

Duk faston da ya daɗe cikin aikin Ubangiji, da duk dattijon ikkilisiya da ya taɓa zama don sasanta ma'aurata, ya san cewa yawancin rigingimun da ake kawowa sun girmi auren kansa. Mata ta zo da kumburarriyar fuska, a kira mijin, a yi ta bin diddigi, a ƙarshe sai a tarar haka ya tashi yana ganin mahaifinsa yana yi wa mahaifiyarsa. Yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa ta yi ciki ba aure, a sa ta horo, kowa ya riƙe baki, amma da wuya a sami mai tambaya ko akwai ranar da wani a gidansu ya taɓa zaunar da ita ya yi mata maganar jikinta da ta maza.

Ikkilisiya takan ba masu shirin aure koyarwa ta 'yan watanni, wannan kuwa abu ne mai kyau. Sai dai kafin saurayi da budurwa su zauna gaban fasto, sun riga sun yi shekara ashirin ko fiye a wata makaranta wadda ba ta da allo, ba ta kuma ba da hutu. Makarantar nan ita ce gidan iyayensu. A can suka koyi yadda namiji yake magana da mace, da yadda ake fushi, da yadda ake shiryawa, da abin da ake ɓoyewa, da darajar da jikin mutum yake da ita. Abin da suka koya a can shi suke ɗauka zuwa wurin zance, shi ne kuma suke shiga ɗakin aure da shi.

Maganar ta shafi kowane gidan masu bi, amma ta fi matsa wa iyalan Kirista da ke zaune a arewacin Jihar Yobe, a garuruwa irin su Dapchi, Gashuwa da Nguru, inda masu bi ba su da yawa, inda kuma yara sukan bar gida da wuri zuwa makarantun kwana.

1. Shaidar Littafi Mai Tsarki

Maganar Allah ba ta rufe asirin gidajen manyan bayin Allah ba. Ta bayyana su domin gargaɗi.

Sau biyu Ibrahim ya ce matarsa Saratu 'yar'uwarsa ce don ya tsira da ransa, da farko a Masar (Farawa 12), daga baya a Gerar (Farawa 20). Duk sau biyun an ɗauke ta zuwa gidan sarki, Allah ne kaɗai ya fisshe ta. A lokacin ba a ma haifi Ishaku ba. Duk da haka, da Ishaku ya girma ya sauka a wannan Gerar ɗin, tsoro ya kama shi, sai ya faɗi irin ƙaryar nan a kan Rifkatu (Farawa 26). Bai ga abin da idonsa ba, amma ya tashi a gidan da aka saba jefa mace cikin hatsari idan namiji ya ji tsoro. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A gidan Ishaku an raba 'ya'ya. Uba ya fi son Isuwa saboda naman farauta, uwa ta fi son Yakubu (Farawa 25:28). Yakubu ya tashi da sanin cewa ƙauna abu ce da ake ba wani a hana wani. Da ya yi aure ya fifita Rahila a kan Lai'atu, har sunayen da Lai'atu ta raɗa wa 'ya'yanta na fari suka zama kukan mace mai jiran ranar da mijinta zai dube ta. Da ya haifi 'ya'ya ya fifita Yusufu. 'Ya'yan Lai'atu, waɗanda suka girma suna kallon uwarsu ba ta da daraja, su ne aka rubuta munanan labaru a kansu: Ra'ubainu ya kwana da ƙwarƙwarar mahaifinsa (Farawa 35:22), Yahuza kuma ya nemi macen da ya zaci karuwa ce a bakin hanya (Farawa 38).

Gidan Dawuda ya fi ban tausayi. Daga kan rufin fadarsa ya hangi matar Uriya, ya aika aka kawo ta, ya kuma sa aka kashe mijinta. Ya tuba da gaske, Allah kuwa ya gafarta masa. Amma 'ya'yansa maza sun riga sun ga cewa mai iko yana iya ɗaukar macen da ya ga dama. Amnon ya yi wa ƙanwarsa Tamar fyaɗe, sa'an nan ya sa aka kore ta aka kulle ƙofa. Nassi ya ce Dawuda ya husata ƙwarai, amma bai ce ya hukunta ɗansa ba. Uban da ya san abin da shi kansa ya aikata, bakinsa yakan yi nauyi. Bayan shekara biyu Absalom ya kashe Amnon, daga bisani kuma ya kafa alfarwa a kan rufin fada ya shiga wurin ƙwaraƙwaran mahaifinsa a idon jama'a (2 Sama'ila 16:22). Sulemanu ya tara mata 700 da ƙwaraƙwarai 300, su ne kuwa suka karkatar da zuciyarsa (1 Sarakuna 11:3).

Eli firist ne, ba a kuma rubuta cewa ya yi lalata ba. Laifinsa shi ne sakaci. 'Ya'yansa Hofni da Finehas suna kwana da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa ta sujada, ya yi musu faɗa da baki bayan ya tsufa tukuf, amma bai hana su ba (1 Sama'ila 2:22-25, 3:13). Wannan gargaɗi ne musamman ga gidajen fastoci da dattawa, gama mai yiwuwa ne mutum ya yi kiwon garken Allah duka ya bar 'yan ragunan da ke cikin gidansa.

2. Abin da masu bincike suka tarar

Masana na zamani sun bi wata hanya dabam, suka iso inda Nassi ya riga ya tsaya. Wani likita ɗan Ingila mai suna John Bowlby ya nuna cewa shaƙuwar jariri da mai renonsa ita ce take koya masa ko mutane abin dogara ne. A shekarar 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver a Amurka suka gwada wannan a kan manya, suka ga cewa yadda mutum yake riƙe masoyinsa, ko da natsuwa, ko da zargi da tsoron a guje shi, ko da ɗari-ɗari, yana da nasaba da irin riƙon da ya ce ya samu wurin iyayensa.

A 1998 likitoci Vincent Felitti da Robert Anda suka fara fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a birnin San Diyego, wanda ya haɗa mutum fiye da 17,000. An tambaye su wahalolin da suka sha suna yara, kamar duka, cin zarafi, ganin ana dukan uwa, da zama da mashayi a gida. An tarar cewa yawan waɗannan wahaloli yana tafiya tare da yawan abokan lalata a girma da kamuwa da cututtukan da ake ɗauka ta wurin saduwa. A 2003 kuma Bruce Ellis da abokan aikinsa, bayan sun bi rayuwar 'yan mata a Amurka da Niyu Zilan shekara da shekaru, suka ba da rahoto cewa waɗanda suka rasa uba a gida tun suna ƙanana sun fi saurin fara sanin namiji da yin ciki da ƙuruciya.

Binciken nan bai ce kowane maraya ko kowane ɗan gidan rigima zai lalace ba. Abin da ya nuna shi ne inda ruwa yake gangarawa idan ba a tare shi ba.

3. Darasin Dapchi

Da yammacin Litinin, 19 ga Fabrairu 2018, 'yan bindiga na wani ɓangaren Boko Haram suka shiga makarantar 'yan mata ta kimiyya da fasaha ta gwamnati da ke Dapchi, hedkwatar ƙaramar hukumar Bursari, suka kwashe ɗalibai 110. Biyar daga cikinsu suka rasu a hannun maharan. Ranar 21 ga Maris aka komo da 104 cikin gari a motoci. Kusan dukan yaran nan 'ya'yan Musulmi ne, kukan da aka yi a Dapchi kuwa kukan gari ɗaya ne, ba a tambayi addinin kowa ba.

Yarinya ɗaya ba ta dawo ba. Ita ce Leah Sharibu, 'yar ikkilisiyar ECWA, mai shekara 14 a lokacin. Abokan karatunta da aka sako sun ba da shaida cewa an ce mata ta bar bangaskiyarta ta shiga mota tare da su, ta ƙi. A watan Agusta na wannan shekara aka ji muryarta a wani faifai tana roƙon gwamnati ta cece ta. Mahaifinta, Nathan Sharibu, wanda ɗan sanda ne, ya gaya wa 'yan jarida cewa yana baƙin ciki ƙwarai, amma yana kuma murna da 'yarsa ba ta yi musun Almasihu ba. Mahaifiyarta, Rebecca, ta kai kukanta har birnin Landan a watan Fabrairu 2020. Har shekarar 2025 ana tuna ranar sace ta ba tare da an ji labarin dawowarta ba.

Gwajin da ya sami Leah na bangaskiya ne, ba na neman aure ba. Amma akwai abin da iyaye za su lura da shi. A ranar da aka tsayar da ita, babu uwa kusa, babu uba, babu fasto, babu malamin makarantar Lahadi. Yarinya mai shekara 14 ba ta yi karatun tauhidi ba. Abin da ta fito da shi daga gida da ikkilisiya shi ne dukan guzurinta, ta wurin alherin Allah kuwa ya riƙe ta.

Mafi yawan 'ya'yan masu bi ba za su tsaya gaban bindiga ba. Amma kowannensu yana da tasa ranar da zai tsaya shi kaɗai. Ɗaliba a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, za ta gamu da mai kuɗi ko mai maki wanda zai ce ta zo ɗakinsa. Saurayi mai bautar ƙasa a garin da ba wanda ya san shi zai ga ƙofa a buɗe. Matashi zai kwanta da dare da waya a hannu, duniya duka tana ciki. A irin wannan sa'a ba a aika wa iyaye su zo su ba da shawara. Abin da aka zuba tun farko shi ne zai fito.

4. Abubuwa biyar da yara suke ɗauka daga gida

Na fari, yadda uba yake riƙe uwa. Manzo Bulus ya umarci maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya (Afisawa 5:25), Bitrus kuma ya yi gargaɗi cewa rashin girmama mace yana tare addu'ar miji (1 Bitrus 3:7). Yaron da ya ga ana zagin uwarsa gaban baƙi, ko ana marinta saboda gishiri ya yi yawa a miya, zai ɗauka haka mazantaka take. Yarinyar da ta ga haka za ta yi ɗaya cikin biyu: ko ta ji tsoron aure, ko ta karɓi mari daga saurayi ta ce ai ƙauna ce. Haka nan uwar da take raina mijinta gaban 'ya'ya, tana ɓoye masa kuɗi, tana haɗa baki da su a yi masa ƙarya, tana shirya wa surukinta na gaba wahala. Tun 2015 akwai dokar tarayya da ta hana cin zarafin mutane, har da dukan mace a gidan aure, amma mai bi bai kamata ya jira doka ta koya masa abin da Kolosiyawa 3:19 ta riga ta faɗa ba.

Na biyu, ƙaunar uba ga 'yarsa. Da yawa cikin iyayen maza suna biyan kuɗin makaranta, suna kawo hatsi, suna ganin sun gama. Amma yarinyar da ba ta taɓa jin mahaifinta ya yaba mata ba, wadda bai taɓa zama ya saurari labarinta ba, tana tashi da yunwa. Namiji na farko da ya tsayar da ita a hanyar famfo ya ce tana da kyau, shi zai ci kasuwarta da araha. Aikin ɗan sanda, soja, malami ko ma'aikacin asibiti yakan raba uba da iyalinsa wata da watanni, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ya dawo gida ya zama baƙo, daga gaisuwa sai tsawa.

Na uku, shiru. Kunya ado ce, al'adun ƙasar nan kuwa sun gina ta tsakanin iyaye da 'ya'ya, har wasu ba sa kiran sunan ɗan fari. Amma a dā kunyar nan tana da abokan aiki. Abin da uwa ba za ta iya faɗa ba, kaka ko gwaggo takan faɗa, abin da ya fi ƙarfin bakin uba kuma kawu yakan ɗauka. Iyalai da yawa na masu bi a Nguru, Gashuwa da Dapchi aiki ko kasuwanci ne ya kawo su, daga kudancin Yobe, kudancin Borno, Adamawa, Filato da sauran wurare. Sun zo da kunyar, sun bar kaka da gwaggo a gida. Saboda haka yarinya takan ga hailarta ta fari a ɗakin kwanan makaranta ba wanda ya taɓa gaya mata kome, yaro kuma ya balaga ya koyi sauran a wurin abokai. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, musamman da ta zama mai intanet, gurbin da gwaggo ta bari bai zauna fanko ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Littafi Mai Tsarki kuwa ba ya jin irin wannan nauyin baki. A Karin Magana sura 5 da 7 uba ne yake yi wa ɗansa bayani dalla-dalla a kan mazinaciya da kuma daɗin zama da matar ƙuruciya, a sura 31 kuma uwa ce take gargaɗin ɗanta sarki a kan mata.

Na huɗu, mudu biyu. A gidaje da yawa ana tsare 'ya mace kamar ƙwai, ana sakin ɗa namiji kamar akuya. Idan ya kwana waje a ce namiji ne, idan ita ta yi jinkiri a kasuwa a ɗauko bulala. Idan ciki ya fito, yarinya ce take tsayawa gaban jama'a, saurayin kuwa an tura shi wurin ɗan'uwa a wani gari. Haka Yahuza ya yi: da ya ji surukarsa tana da ciki ya ce a ƙone ta, alhali kuwa cikin nasa ne (Farawa 38:24-26). Haka aka kawo wa Yesu mace ita kaɗai aka ce an kama ta cikin zina, ba a ga namijin ba (Yahaya 8). Kiran tsarki da ke cikin 1 Tasalonikawa 4:3-7 bai ware maza ba. Yaron da aka koya masa cewa kamun kai aikin mata ne, ba zoben aure ne zai sāke shi ba.

Na biyar, kuɗi. Yarinya ta shigo da sabuwar waya ko atamfa mai tsada, uwa ta san ba ita ta saya ba, ta san uban bai saya ba, amma ta yi shiru, wani lokaci ma ta karɓi rabonta. A ranar an koya wa yarinyar cewa jikinta yana da farashi, gidansu kuma ya yarda. Talauci gaskiya ne, amma ruwa ba ya tsami banza, kyautar da ba a tambayi dalilinta ba kuwa bashi ce. Haka kuma iyayen da suke tsawwala kayan aure har saurayi mai tsoron Allah ya shekara biyar yana tarawa, suna tura yaran biyu cikin gwaji da hannunsu.

5. Kada tsoro ya zama mai ba da shawara

Bayan abin da ya faru a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018, ba abin mamaki ba ne uba ya ce gara ya cire 'yarsa daga makaranta ya aurar da ita ya huta. Tsoron yana da dalili. Amma aure ba maɓoya ba ne. Yarinyar da aka aurar don a rabu da damuwarta takan gane haka, ta kuma shiga gidan miji da sanin cewa ita kaya ce da aka sauke. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Abin da ya fi dacewa shi ne iyaye su haɗa kai da ikkilisiya da maƙwabta su nemi makaranta mai tsaro, ko da za a kai yarinya wurin dangi a wani gari.

Akwai kuma wata magana da ta wajaba a faɗa a fili. Wadda aka yi wa dole ba ta yi zunubi ba. Shari'ar Musa ma ta wanke yarinyar da aka fi ƙarfinta a jeji, ta kwatanta abin da kisankai (Maimaitawar Shari'a 22:25-27). Wani rahoto da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna cewa a Borno mata da 'yan matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram sun tarar ana gudunsu, ana kiransu annoba, ana kuma ƙyamar 'ya'yan da suka haifa a can. Bai kamata a ji irin wannan a gidan mai bi ba. Absalom ya ce wa Tamar ta yi shiru, ta kuwa ƙare kwanakinta a kaɗaice a gidansa. Yara suna kallon yadda iyaye suke magana a kan irin waɗannan mata. Idan sun ji ana zarginsu, ranar da wani kawu ko malami ya taɓa su ba za su faɗa ba. Ikkilisiyar da take addu'a domin dawowar Leah da sauran waɗanda ke tsare, sai ta shirya zuciyarta ta karɓe su da daraja a kowane hali suka dawo.

6. Gādon nan ba ƙaddara ba ne

Mai karatu da ya tashi a gidan duka ko gidan da aure ya mutu zai iya cewa to, shi ke nan, tasa ta ƙare. Maganar Allah ba ta ce haka ba. Hausawa suna cewa hali zanen dutse, amma wanda ya halicci dutsen yana da iko a kansa.

Yusufu ya fito daga gidan Yakubu ɗin nan, gidan kishi da fifiko, ɗan'uwan Ra'ubainu da Yahuza ne. Yana da shekara 17 aka sayar da shi. A Masar ba mai ganinsa, matar maigidansa kuma ta matsa masa kowace rana. Ya ƙi, ya ba da dalili biyu: amanar maigida da tsoron Allah (Farawa 39:8-9). Gida ɗaya ya ba shi misalai marasa kyau, ya kuma ba shi sanin Allahn kakanninsa, shi kuwa ya riƙe na biyun. Timoti ɗan Bahelene ne, amma bangaskiyar kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta ishe shi, abin da zai ƙarfafa kowace gwauruwa da kowace mace da take renon 'ya'ya ita kaɗai. Ezekiyel sura 18 ta bayyana ɗan da ya ga dukan zunuban mahaifinsa, ya yi tunani, ya ƙi bin sawunsa, Allah kuwa ya ce zai rayu. Bitrus ya ce jinin Almasihu ya fanshi masu bi daga banzar al'adar da suka gāda wurin kakanni (1 Bitrus 1:18-19).

Sai dai warkewa tana bukatar gaskiya. Saurayi da budurwa masu shirin aure ya kamata su zauna gaban mai ba su shawara su faɗi yadda gidajensu suke: yadda ake faɗa, wa yake riƙe kuɗi, abin da suke so su ɗauka da abin da suke so su bari. Ciwon da aka ɓoye wa mai magani shi yake kisa.

7. Abin da ya kamata a yi

Iyaye su tayar da bagaden iyali, ko da na minti goma ne kowace rana, a bar yara su yi tambaya. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta sa koyarwa cikin zaman gida da tafiya a hanya, wato cikin hira ta yau da kullum.

Uwa ta yi wa 'yarta bayanin haila da ciki kafin ta tafi makarantar kwana, uba kuma ya yi wa ɗansa bayanin balaga da girmama mata. Tun suna ƙanana a koya musu cewa akwai wuraren jikinsu da ba mai izinin taɓawa, kuma duk wanda ya gwada, kome girmansa, su faɗa ba za a doke su ba.

Inda nauyin baki ya yi yawa, Zumuntar Mata ta tsaya a matsayin gwaggo, kamar yadda Titus 2:3-5 ta ɗora wa tsofaffin mata koyar da ƙanana. Zumuntar maza ta yi haka ga samari. Iyaye su san shugabannin ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS a makarantar 'ya'yansu.

A buɗe ƙofar gida ga mai neman aure. Saurayin da aka sani, aka san iyayensa da ikkilisiyarsa, yana zance a tsakar gida, ya fi wanda ake gamuwa da shi a ɓoye a bayan tasha. Inda masu bi ba su da yawa, iyaye su bar 'ya'yansu su halarci tarurrukan matasa na gunduma, domin su san 'yan'uwansu cikin bangaskiya.

Iyayen da suka san sun yi kuskure a idon 'ya'yansu su nemi gafararsu. Uban da ya ce wa matarsa ta yi haƙuri a gaban yara bai zubar da girmansa ba, ya koya musu yadda ake gyara aure. Da Dawuda ya zaunar da 'ya'yansa maza ya gaya musu abin da zunubinsa ya jawo, wa ya sani ko da Tamar ta tsira.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Auren da za a ɗaura a ikkilisiyoyin Nguru, Gashuwa da Dapchi shekara ashirin masu zuwa, yau ake gina su a tsakar gidaje, ta wurin muryar da miji yake kiran matarsa da ita, da amsar da ake ba yaro idan ya yi tambaya mai nauyi. Iyaye ba su da ikon bin 'ya'yansu ko'ina, ba a kuma ba su sanin ranar da za a gwada su ba. Abin da aka ba su shi ne 'yan shekarun nan da yaran suke ƙarƙashin inuwarsu.

Ubangiji ya ba iyaye hikima da ƙarfin hali, ya warkar da waɗanda gidajensu suka yi musu rauni, ya tsare matasa cikin tsarki, ya ta'azantar da iyalan Dapchi da suka yi rashi, ya kuma komo da Leah Sharibu da dukan waɗanda ke tsare zuwa wurin iyayensu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.